Fatalwar Gidan Haya

A daminar da aka kawo fim ɗin fatalwa Kafanchan, ba inda mutum zai zauna bai ji ana zancensa ba. A tashar jirgi ana yi, a layin mahauta ana yi, har a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Fim ɗin na Indiya ne. Ba mai jin yaren, amma kowa ya gane labarin: wani mutum ya yi ta dukan matarsa har ya tura ta rijiya, ita kuma ta riƙa dawowa da farin zane, gashi a warwatse, tana tsayawa a ƙofar ɗakinsa tana waƙa. Mata sun sha kuka a sinimar nan. Maza kuwa zagin mijin suke yi da ƙarfi, har wani ɗan dako ya cire takalminsa ya jefi bangon da ake haska hoton.

Silvanus ne ke haska fim ɗin. Shi ne ofaretan sinima, yana haya a ɗaki na ƙarshe a gidan Inna Kubra, can bayan layin dogo. Mutum ne mai fara'a a waje. Da la'asar, kafin ya tafi aiki, yakan zauna gindin mangwaron tsakar gida, yara da manya su kewaye shi, ya yafa farin tawul a ka yana kwaikwayon tafiyar fatalwar. Sai a yi ta ihu ana dariya.

Matarsa Clara ba ta cikin masu dariyar. 'Yar wani ƙauye ce a gindin duwatsun Kagoro, ba ta daɗe a gari ba, ga cikin fari ya fara turo zane. Da sassafe takan dama kunun acca, ta soya ƙosai, ta zauna a ƙofar gida, ma'aikatan reluwe masu sammako su saya. Sau ɗaya Silvanus ya kai ta kallon fim ɗin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tsorata ba. Da aka zo wurin da mijin ya ɗaga hannu, sai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta har wurin ya wuce.

Wata safiya ta fito ɗiban ruwa da ido ɗaya a kumbure, ya rufe ruf. Inna Kubra, mai gidan, tana bakin rijiya tana wanke buta. Dattijuwa ce 'yar kasuwa, tana sarin citta da daddawa. Ta ajiye butar.

"Subhanallahi! 'Yar nan, me ya same ki a ido?"

Clara ta buɗe baki, amma kafin ta ce wani abu Silvanus ya leƙo daga ɗaki da asuwaki a baki.

"Inna, ina kwana. Bari kawai, laifina ne. Ni na kai ta kallo. Tun da ta ga matar nan mai farin zane ba ta barci. Sai ta zabura tana ihu, wai ga ta nan, ga ta nan. Jiya bango ta buga da fuska. Da ƙyar na riƙe ta."

Inna Kubra ta dubi Clara, ta dubi Silvanus, sannan ta dubi butarta.

"Ai shi ya sa ba a kai mai ciki irin wuraren nan," in ji ta. "Zan ba ki turare ki riƙa hayaƙi da magariba."

Clara ta ja ruwanta ta koma. Abin da ya faru shi ne ruwan wankansa ya huce kafin ya shiga banɗaki.

Kafin azahar labari ya zaga gida. Kafin Lahadi ya zaga unguwa. Kuma da yake labari ne mai daɗin faɗa, kowa ya ƙara masa nasa. Wasu suka ce fatalwar ta biyo Silvanus ne daga cikin na'urar, tunda kullum shi ke sakinta. Wasu suka ce dama ɗakin nan na ƙarshe ba lafiyayye ba ne. Daga ranar, duk ƙarar da ta fito daga ɗakin ta sami suna. In an ji faɗuwar kujera, fatalwa ce. In an ji Clara tana cewa "Yi haƙuri, don Allah yi haƙuri," ai da fatalwar take. In an ji muryar Silvanus sama-sama, korar ta yake yi, bawan Allah.

Shi kuma da ya ga an ba shi inuwa, sai ya miƙe ƙafa. Da can yakan jira sai ruwan sama ya sauko a kan kwano ya rufe sauti. Yanzu ya daina jira. Yakan farka da hantsi da ciwon kai, ya nemi abin da bai yi masa daidai ba, kuma kullum yakan samu. Gishiri ya yi yawa a miya. Ta yi wa mai sayen ƙosai murmushi. Ta bar ƙofa a buɗe ƙuda ya shiga. In ya gama sai ya yi wanka, ya taje kai, ya fito gindin mangwaro yana girgiza kai, mutane na yi masa sannu.

Masu sayen kunu suka fara raguwa. Ba wanda ya ce mata komai, sai dai ta ga sun tsallaka wancan gefen titi wurin wata. Wani tsohon mai gadi da ya saba sha kullum ya tsaya daga nesa ya ce, "Madam, ba don komai ba, iyalina ce ta hana ni." Clara ta ce ba komai. Ta zauna da tukunyarta har rana ta yi zafi, kunun ya yi fata a sama, ta ɗauka ta shiga ciki.

Mama Hellen ce ta ce ba za a zuba ido ba. Ita ce shugabar Zumuntar Mata a majami'arsu, mijinta direban jirgi ne, ɗakinsu yana jikin na su Clara, bango ɗaya ya raba su. Ran Alhamis da yamma ta kawo mata masu anko, suka cika ɗakin, suka yi waƙa da tulu da kacau-kacau, suka durƙusar da Clara a tsakiya suka ɗora mata hannu.

"Fita! A cikin sunan Yesu, fita daga gidan nan!"

Clara ta ji ɗumin hannuwan a kanta da kafaɗunta. Ta daɗe rabonta da hannun da ya taɓa ta ba don ya ji mata ciwo ba, sai hawaye suka zubo mata. Matan suka ce Amin, ga shi yana fita.

Da aka gama, sauran suka fita shan ruwa, Clara ta riƙe bakin zanen Mama Hellen.

"Mama, tsaya ki ga wani abu."

Ta juya baya ta sassauta rigarta. A gefen haƙarƙarinta akwai shatin takalmi, baƙi ƙirin, har da zanen ƙasan dunduniya.

"Mama, fatalwa tana sa takalmi sau-ciki?"

Mama Hellen ta yi sauri ta ja rigar ta rufe, ta waiga ƙofa.

"Rufe, rufe. Shaiɗan yana iya zuwa da kowace kama, 'yata."

"Mama, bango ɗaya ne tsakaninmu."

"Ni barcina nauyi gare shi."

"Da rana ake yi."

Mama Hellen ta gyara ɗankwalinta, ta daɗe tana gyarawa. "Clara, saurara. Mijinki yana cikin 'yan kwaya, masu waƙa a majami'a. Fasto yana ji da shi. In kika fita da irin maganar nan, ke za a ce kin zama abin tuntuɓe. Aure ba wasa ba ne. Ni da kike gani, na ga abubuwa, ga ni ban mutu ba. Ki riƙa addu'a, ki rage baki, ki dafa masa abin da yake so."

"Ba na magana, Mama."

"To ki ƙara ragewa."

Bayan kwana biyu Clara ta ga ɗigon jini a zanenta. Ya tsaya da kansa, amma ta zauna a bakin gado ta dafa cikin da hannu biyu har sai da ta ji motsi. A nan ta san cewa in ta ci gaba da zama, tsakanin ita da ɗan cikin ɗayansu ba zai ga kaka ba, ko kuma dukansu. Da Silvanus ya fita wajen abokansa, ta ƙunshe zane biyu, ta shiga ƙaramar bas ta Kagoro, ta sauka ta kama hanyar ƙafa ta cikin gonaki.

Dawa ta kai ƙugu, duwatsu sun yi shar. Tana hango rufin ɗakunan ƙauyensu zuciyarta ta yi sanyi. Amma a mararrabar shiga gari ta ga abin da ta manta da shi: sanda a kafe, an ɗaure mata ɗanyen ganye.

A ƙauyen, daga shuka har girbi lokacin dodo ne. Dodo shi ne muryar kakanni, yana magana daga kurmin da mata ba sa shiga. In aka ɗaure ganyen nan, an rufe hanya ke nan: ba macen da za ta bar gidan mijinta sai an kai amfanin gona rumbu. Wadda ta karya, an ce dodo zai haɗiye ta, ba za a ga ko ƙashinta ba. Rabin garin sun shiga majami'a, suna da littafin waƙoƙi da sunayen baftisma, amma ba wanda ya taɓa tuge sandar.

Ta sami mahaifiyarta tana tsince yakuwa a bayan ɗaki. Tsohuwar ta ɗago, ta ga fuskar 'yarta, ta ga cikin, ta ga ƙunshin zanen.  Ta shigar da ita, ta ɗumama gwate ta ba ta, ta zauna tana kallonta tana ci.

"Kin ga ganye a hanya?"

"Na gani, Mama."

"To me ya sa ba ki juya ba?"

"Zai kashe ni. In bai kashe ni ba, zai kashe wannan."

Tsohuwar ta share ido da bayan hannu. "Da babanki na da rai. Yanzu magana tana hannun Baba Dogara."

Baba Dogara ƙanen mahaifinta ne. Ya zo da la'asar, ya zauna a kan turmi yana tura taba a lofe, yana tarinsa na kullum, mai fita sau biyu a jere sannan ya ƙare da shaƙa. Ya saurare ta har ta gama. Ya ma duba shatin takalmin, ya yi tsaki.

"Yaron nan bai kyauta ba. Amma mun ji a nan cewa wani abu ne ke damunki a ɗaki, irin na Indiya."

"Baba, ba Indiya. Shi ne."

"To, ko shi ne ko ba shi ba ne, hanya a rufe take. Ni na rufe? Ba ni ba ne. In na bar ki kika kwana biyu a nan, gobe matar wane ta tattara kaya, jibi ta wane. Wa zai yi noma? Ki koma. In an yi girbi a zauna a yi magana."

"In na kai girbi."

"Za ki kai. Uwarki ta kai."

Rana na faɗuwa, murya ta taso daga kurmi, mai kauri da rawa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Mata suka watsar da abin da suke yi suka shige ɗakuna, suka durƙusa suka rufe kai. Clara ta durƙusa kusa da uwarta a cikin duhun ɗaki. Muryar ta matso har bayan danga. Ta kira sunanta na gida, wanda ba a sani ba a Kafanchan. Ta ce akwai 'yar da ta tsallake ganye. Ta ce gari na wayewa ta koma inda ta fito, in kuwa ta sake barin ɗakin mijinta kafin girbi, ƙasa za ta buɗe a gabanta.

Ana cikin haka muryar ta sarƙe. Aka yi tari sau biyu a jere, aka ƙare da shaƙa.

Clara ta ɗago kai. "Mama, ai wannan—"

Hannun uwar ya rufe mata baki da ƙarfi, yana warin yakuwa. Tsohuwar ba ta yi mamaki ba. Idonta a rufe yake, laɓɓanta na motsi, Addu'ar Ubangiji take yi.

Da safe tsohuwar ta raka ta har mararraba, ta ƙulla mata garin acca a leda, ta tsaya a wannan gefen sandar. Clara ta yi nisa ta waiga, ta ga har yanzu tana tsaye, ƙarama a gindin dutse.

Da ta shigo gidan haya, Silvanus na gindin mangwaro da mutane. Ya tashi da sauri ya karɓi ledar hannunta.

"Kun gani? Haka take fita ba ta san inda take ba. Sannu, madam. Zo ki kwanta."

"Kai, Allah ya ba ka lada, Silvanus," in ji wani. "Wani da tuni ya mayar da ita gidansu."

Silvanus ya shigar da ita ya rufe ƙofa. Rana tsaka ce, ba ruwa, ba iska. Mata na tsakar gida suna tankaɗe, Inna Kubra na auna daddawa a ƙofar ɗakinta. A ranar Clara ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce yi haƙuri ba. Ta kwanta ta gefe ta naɗe jikinta a kan cikin, ta riƙa kiran sunaye.

"Inna Kubra! Mama Hellen! Silvanus ne! Silvanus ne yake dukana! Inna!"

Tankaɗe ya tsaya. Sai aka ji an ƙara muryar rediyo a ɗakin da ke maƙwabtaka. Can tankaɗe ya ci gaba.

Marin ƙarshe a kunnen hagu ya sauka. Ta ji wani abu ya fashe, sai ƙara kamar ta jirgi mai nisa, daga nan gefen ya yi shiru, bai sake buɗewa ba. Da yamma Silvanus ya gaya wa mutane cewa abin ya kai har ba ta gane shi, sunansa take kira a kan fatalwar. Aka ce wayyo.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da labari mai yawa. Clara ta daina fitar da kunu. Yaran gida in sun gan ta sai su ruga suna cewa ga mai fatalwa. Matan da suke ara mata ludayi da rariya suka daina. In ta je rijiya sai a ba ta wuri, a ja baya, a jira ta gama. Inna Kubra takan ajiye mata turare a bakin ƙofa ta wuce ba sallama. Ran Lahadi benci guda ya zama nata ita kaɗai. In ana mata magana ta hagu ba ta ji, sai a ce kun gani, ta tafi wata duniya.

Takan zauna a bakin taga da rana tana kallon layin dogo. Jirgin kaya ya wuce, na fasinja ya wuce, mutane a tagogi suna cin rake. Ba ta da wanda za ta yi wa magana sai na cikinta. Da yarensu take masa, a hankali. Takan gaya masa sunayen duwatsun garinsu, da yadda ake sussukar acca da ƙafa, da irin tsuntsun da ke kuka in ruwa zai zo. In ya motsa sai ta ce, "Na ji ka. Da wannan kunnen na ji ka."

Wata rana tana zaune haka, tunani ya zo mata daki-daki. A ƙauye an ce duk macen da ta fita kafin girbi dodo zai haɗiye ta. A gari an ce fatalwa na jan ta. To in ta ɓace, kowa yana da amsarsa a hannu tun kafin a tambaye shi. Baba Dogara ba zai aika a neme ta ba, don in aka same ta da rai dodonsa ya yi ƙarya. Silvanus ma ba zai so a same ta tana magana ba. Abin da suka ɗaure ta da shi, shi ne kuma ba zai bar su su bi ta ba.

Ran kasuwa da hantsi, Silvanus na barci, ta hura wuta ta ɗora tukunya kamar za ta yi girki. Ta bar takalminta a bakin ƙofa, ta bar akwatinta da kayan aurenta. Ta ɗauki bokiti ta fita kamar mai zuwa rafi. A bayan tasha ta ajiye bokitin, ta roƙi direban wata motar hatsi mai zuwa Kachia. Ya dubi cikinta da ƙafafunta, ya ce ta hau gaba.

Yadda ta zata haka aka yi. Da aka ga takalmi da tukunya ta ƙone, aka ce abin ya zo ya tafi da ita. Samari suka zaga bakin kogi da yamma ɗaya suka dawo. A ƙauye aka ce dodo ya cika alkawari, matan da ke da niyyar tafiya suka kwance ƙunshinsu. Majami'a ta yi addu'a ta musamman. Silvanus ya yi kuka a gaban jama'a, aka rirriƙe shi. Ba a daɗe ba ya sami aiki a wata sinima a Jos, ya tattara ya tafi, har da akwatinta.

Da rani, bayan an haƙe citta, Inna Kubra ta je Kachia sari. A bayan kasuwa akwai fili inda mata ke zama a jere suna tsaga citta da wuƙa suna shanyawa a rana. Tana bi tana duba kaya, tana taya farashi, sai ta zo kan wata mai goyo da ta sunkuya a kan tabarma. Ta yi sallama ba a amsa ba. Ta zaga ta ɗaya gefen ta sake yi. Matar ta ɗago.

Kwanon awon ya suɓuce daga hannun Inna Kubra. Ta ja da baya tana a'uzubillahi, ƙafarta na harɗewa da zane.

"Ni ce, Inna. Taɓa ni ki ji."

Inna Kubra ta miƙa yatsa ta taɓa hannunta. Da ɗumi, da ƙaiƙayin citta. Sai ta zauna daɓas a kan buhu.

"Clara! Ashe kina duniya? Wannan ɗan naki ne? Kai, Allah mai iko. Mace ko namiji?"

"Mace. Yi magana ta nan gefen, Inna, wancan ya mutu."

Inna Kubra ta matso ta dama. Ta leƙa fuskar jaririyar, ta yi mata wasa, sannan baki ya buɗe, don ta daɗe tana ɗauke da labarin.

"Ke, ba ki san abin da kika bar mana ba. Ɗakin nan har yau ba mai haya. Wani malamin makaranta ya shiga, sati bai yi ba ya fita. Wai ana jin kukanki da rana tsaka. Duk unguwa maganar ke nan. Ana cewa Silvanus ne ya kashe ki ya jefa a kogi. Hellen da bakinta ta gaya wa matan zumunta irin shatin takalmin da ta gani a jikinki. Ni ma na ce musu, ranar nan da kika dawo daga ƙauye, da kunnena na ji kina kiran sunana kina cewa shi ne. Mugu, azzalumi! Ai yanzu ko yaro ka tambaya ya san abin da mutumin nan ya yi miki."

Clara ta ajiye wuƙar.

"Ashe kin ji, Inna."

Inna Kubra ta kau da kai.

"Ashe duk kun ji."

"'Yar nan, ki gane. Tsakanin mata da miji, kuma ga shi ba addininmu ɗaya ba, in na sa baki a ce na shiga abin da ba nawa ba. Kuma shi ne mai hayar. Kuma lokacin kowa cewa yake..." 

Mutanen gidan nan ba mugaye ba ne. Sun yi kuka da hawaye na gaske saboda wata mata a jikin bangon sinima, wadda ba su san yarenta ba. Suna iya tausayin mace in an riga an gama da ita, don a lokacin ba abin da za ta nema a wurinsu, ba ƙofar da za a ce su ƙwanƙwasa, ba mijin da za su haɗa ido da shi da safe. Mai rai ce ke da wuya. Ita tana kiran suna.

Jaririyar ta motsa, Clara ta jijjiga ta har ta koma barci. Ta ɗauki wuƙarta ta jawo wata citta.

Inna Kubra ta tsince kwanonta daga ƙasa, ta kakkaɓe. "Bari in na koma in gaya musu. Hellen za ta yi murna. A aika wa tsohuwarki ma."

"A'a."

"A'a kuma?"

"In kika faɗa, kafin wata ya ƙare ya ji a Jos. Zai zo ya ce 'yarsa. Baba Dogara zai ce an yi girbi, a zauna a yi magana. Mama Hellen za ta kawo mata su yi mini waƙa." Ta tsaga cittar gida biyu ta jefa kan tabarma. "Tsohuwata na aika mata ta hanyar da na sani, ita ba za ta faɗa ba. Sauran ku bar ni a mace. Tun da na mutu kuka fara faɗin gaskiya a kaina."

Inna Kubra ta tsaya da kwano a hannu. Masu tsaga citta na gefe sun ci gaba da aikinsu, ba mai kallonsu.

"To me zan ce in an tambaye ni Kachia?"

"Ki ce citta ta yi tsada. Ba ki ga kowa ba, ba ki ji komai ba."

Inna Kubra ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya raya, ta wuce layi na gaba. Rashin gani da rashin ji kam, wannan ta iya.